Bangon da Ban Kankare Ba

Yayata ta yi shekara ashirin da huɗu tana goge daɓen asibiti. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kai ni koyon gini. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, gwiwoyinta kuma sun gama aiki tuni. Burinta ɗaya ne: ta mallaki ɗan gidan haya, ta ajiye bokiti ta huta.

A garinmu abin da ta tara ko fili ba zai saya ba. Sai wani dillali ya yi mata tallar gida mai ɗaki huɗu a wata jiha, tafiyar awa bakwai, da araha, har da 'yan haya a ciki. Matar da ba ta taɓa sayen abin da ya fi firiji ba.

Ta ce, "Auta, kai ne magini. Je ka duba min. Ni hoto kawai na iya kallo."

Na je. Rani ne, mota ta lalace mana sau biyu a hanya, na isa a galabaice, ga motar komawa za ta tashi da la'asar. Gidan fes. An shafe bangon da fentin mai, ruwan toka, daga ƙasa zuwa ƙugu, sama kuma fari. Kowane magini ya san abin da ake ɓoyewa da irin wannan fenti: alamar inda ruwa ke kaiwa. Aikin minti biyu ne, ka ciro makulli ka kankare ka gani. Makullin yana aljihuna. Dillali yana ta zuba, ya miƙo min lemo mai sanyi, na shanye, na ɗauki hotuna, na kama hanya.

Da na dawo ta tambaye ni, "Ka kankare bangon?" Ta san halina, har gidan surukaina sai da na kankare.

Na ce, "Na kankare."

"To, alhamdu lillahi."

Ta saya. Ta rubuta takardar barin aiki, ta ce ƙarshen shekara za ta miƙa.

Damina na kankama, wata malamar firamare cikin 'yan hayar ta bugo waya: ruwa ya hau gado. Sauran ukun sun kwashe kayansu.

Tare muka tafi, Yaya ta miƙe ƙafa a kan jaka tana cije leɓe har muka isa. Muka tarar da katifu a kan katanga, littattafan malamar shanye a tsakar gida sun kumbura. Yaya ta ba ta haƙuri, sannan ta miƙo min hannu.

"Ba ni makulli."

Ta kankare bangon da kanta. Fenti ya ɓare, layuka uku masu ruwan ƙasa suka fito, wani bisa wani, na shekarun baya. Ta dube su, ta dube ni.

"Ungo abinka, sarkin magina."

Sai ta ari bokiti da tsumma wurin malamar, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan, ta fara kwashe taɓo. Na kai hannu zan karɓa, ta ce in matsa, ban iya ba.

Yau sati uku ke nan ina gidan. Na bar aikin da nake yi, ina ɗaga daɓen ɗakunan, ina haƙa magudana zuwa bakin titi. Zai rage, ba zai hana ba, gidan a kwari yake. Yaya ta koma asibiti. Takardar tana cikin jakarta, ba ta miƙa ba.

Kullum sai ta kira ta ji ko na ci abinci. Jiya na daure na ce, "Yaya, ranar nan da na zo duba gidan..."

Ta ce, "Siminti ya isa?"

"Ya isa."

"To ci gaba da aikinka. An kira ni, wani ya yi amai a ɗakin yara."