Shanyar Shinkafa a Filin Jirgin Feshi

Nu'uman ɗan unguwarmu ne a Haɗeja, kuma tun muna yara in yana tafiya sama yake kallo, shi ya sa kullum da tuntuɓe a ƙafarsa. Da ya girma ya koyi aikin kula da tashi da saukar jiragen sama, ya yi shekaru a hasumiyar wani babban filin jirgi. Bayan rasuwar mahaifinsa ya nemi a dawo da shi kusa da Iya, mahaifiyarsa. Aka ba shi wani ɗan fili na jar ƙasa a hanyar Kirikasamma, inda jirgin feshi ke sauka idan tsuntsayen jan-baki suka addabi gonakin shinkafa. Mu kuwa muka laƙaba masa Mai Jirgi Ɗaya.

Da can a gindin bishiya yake aiki da rediyon hannu, idonsa a kan filin. Bana aka kawo sabbin na'urori aka girke a cikin kwantena. Allon na'urorin yana nuna masa inda jirgi yake, da tsayinsa, da ƙarfin iska. Gaskiya kayan sun yi, har ya ishe mu da labarinsu. Sai dai kwantenar ba ta da taga ta ɓangaren filin.

A banan kuma kogi ya yi ambaliya. Mutane suka yanki shinkafa a kwalekwale, jiƙe sharkaf, kuma babu busasshen wuri sai filin nan. Kowa ya san jirgin da yamma yake tashi, lokacin da tsuntsaye ke komawa makwanci. Don haka mata kan shimfiɗa buhuna da hantsi su yi shanya, su kwashe kafin la'asar. Nu'uman ya sani, ya kau da kai. Iya na cikinsu, kuma shinkafar da take shanyawa ita ce kaf abin da ta tsira da shi.

Wata Laraba da azahar, matuƙin jirgin, Ja'afaru, ya kira shi a rediyo. Daga wurin gyara yake dawowa, kuma man jirgin yana yoyo. Nu'uman ya dubi allo, ya ga sama fayau, bakinsa ya riga shi: "Fili naka ne, sauko."

Sai ya jiyo dariyar mata a waje. Nan ya tuna shanya na kan filin. Ya finciki rediyon hannu ya fito a guje.

"Ɗaga, Ja'afaru, akwai mutane a ƙasa. Zagayo."

"Zagaye ɗaya nake da shi, Malam Nu'uman. Bayansa ko ka ce ko ba ka ce ba, ƙasa zan yo."

Nu'uman ya riƙa ɗaga murya yana ce wa masu shanya su gudu. Maimakon su gudu, matan suka duƙa suna tattara shinkafa. Wasu dai da suka ji rugugin suka kwashi yara suka watse. Iya ta kama bakin buhunta tana ja.

"Iya, ki bar ta."

"Ba kai kake ba shi umarni ba? Ce masa ya jira."

Jirgin ya riga ya karyo kwana. Nu'uman, wanda tunda ya yi wayo bai taɓa yi mata musu ba, ya ɓamɓare hannunta, ya sungume ta ya yi gefe da ita tana dukan kafaɗarsa.

Jirgin ya dira lafiya, babu wanda ya ƙwarzane. Iskar farfela kuwa ta kwashe shanyar ta watsa a ruwan da ke gefen filin. Na tausaya wa Iya ranar nan. Ta daɗe tsaye tana kallon ruwan.

Washegari da hantsi Nu'uman da kansa ya tsaya a bakin filin yana mayar da mata. Iya ce ta fara isowa, da ragowar jiƙaƙƙiyar shinkafa a ka. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa, amma bai kauce daga hanya ba. Ta gyara zaman kayanta ta juya gida.