Yoyo Ba Ruwan Sama

Jama'a, yau rufin ɗakina ya yi yoyo da rana tsaka, ko gajimare babu!

Ina dawowa daga gonar citta matata ta tare ni a ƙofa. "Baban Ladi, zo ka ga ikon Allah!" Ruwa ne ke ɗiga daga asabarin silin, ɗis, ɗis, a kan buhun accar da muka ajiye ta iri. Har ta aika an kira Dattijo Yohanna na cocinmu, don shi ke da tsani.

Na janye buhun, na narka kwalta, na hau kan kwano. Na bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, na sami huda, na liƙe da tsumma. Na sauko, ɗigon bai tsaya ba!

Dattijo ya tara hannu, ya shinshina. "Istifanus, wannan ruwan saman a gidan wa aka dafa shi?"

Sai na tuna! Gorar burkutu ce na ɓoye cikin silin shekaranjiya, ni da na tsaya gaban ikilisiya na ce na daina sha. Zafin kwano ya sa ta yi kumfa har ta ture marfi.

Maman Ladi ta ce, "To, wannan kuma wace kwalta za ta liƙe shi?"

Ban yi musu ba. Na sauko da gorar, na tuntsurar a tsakar gida, na fasa ta da dutse. Na ce, "Baba, ranar Lahadi da bakina zan faɗa, kada ka riga ni."

Ya ce, "Na ji. Amma fara wanke mini tsani, kada matata ta shinshina ta ce ni ne."