Goron Dagacin Garin Gwaggo

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara zuba a Nijeriya, an ƙara wa ɗaliban gwamnati alawus, maigidana kuwa bai yi wata-wata ba ya sayi mota. Tsohuwa ce mai dogon baya, ƙofarta ɗaya sai an tokare da gwiwa take rufuwa, amma in ka ga yadda yake goge ta ranar Lahadi sai ka ce jirgin sama aka ba shi. Yana karatun likita a babban asibitin Camberwell da ke Landan, ni kuma ina gida, ina koyon Turanci da ƙarfi da yaji a wurin tsohuwar da muke haya a saman gidanta.

Gwaggo nake ce mata. Baturiya ce 'yar firit, ba miji ba ɗa. Tun tana budurwa ta zo Landan aikatau, kafin yaƙin duniya na biyu, ba ta kuma sake komawa garinsu ba. Amma hirarta kullum ɗaya ce, garinsu. Ko maganar tsadar albasa na ɗauko, sai mun ƙare a can.

Ta ce ƙauye ne a arewacin ƙasar, kan wani tudu mai faɗi wanda ba bishiya, sai gajeruwar ciyawa da dausayi da iska. Ubanta yana yanko wata baƙar ƙasa daga dausayin, a busar da ita a hura wuta. Suna da cocinsu, da makaranta mai ɗaki ɗaya, da 'yar majalisar dattawa, da duwatsun iyaka waɗanda ake zagawa duk shekara don yara su san inda ƙasarsu ta tsaya. Akwai ramin haƙar dalma da ya ci da rabin garin. Da ramin ya ƙafe sai samari suka watse, aka rufe makaranta, limamin cocin ya koma zuwa jefi-jefi har ya daina. Daga baya hukuma ta soke gundumar, ta haɗe ta da wani babban gari.

Ni da na ji iyaka da dattawa, sai na ce a raina, wannan ai ƙasar dagaci ce irin tamu.

Wata rana muna feraye dankali na tambaye ta abin da ya hana ta zuwa. Ta ajiye wuƙa ta ce, “Ina so in gan shi kafin in mutu. Amma in na je ban sami ko mutum ɗaya da ya san ni ba fa? Gara in zauna nan ina zaton akwai.”

Maganar ta tsaya mini a rai. Ni da ban daɗe da barin Kano ba har kuka nake yi in na tuna soron gidanmu, balle ita. Na sa maigidana gaba da mita har ya yarda zai kai ta ranar hutunsa. Sannan na nufi Deptford wurin wata babbar ƙawata 'yar Katsina da nake kira Yaya, matar wani ma'aikacin rediyo. Duk sunan da aka yi a Landan ita ake ɗaukowa ta yi guɗa, don muryarta har layi na gaba ana ji.

Yaya ta ce, “Ba za mu je garin mutane hannu rabbana ba. Me kika tanadar wa dagaci?”

Muka shiga kantin 'yan Afirka muka zaɓi goro fari manya-manya, aka naɗe mana a ganye. Na fito da hular maigidana wadda bai taɓa sawa ba, Yaya ta kawo turmin atamfa don uwargidan dagaci. Muka yi dambun nama da cincin da tukunyar dafa-duka mai isar unguwa guda.

Maigidana ya dubi kayan ya ce, “Wai ku ba ku ji ta ce council ta yi cancel ɗin garin ba?”

Na ce, “Ko an haɗe gunduma ai gidan sarauta yana nan. A ina ka taɓa ganin gari ba mai gari?”

Ya ce shi dai direba ne, ya loda kaya.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Gwaggo ta sa hularta ta zuwa coci, ta rungume jaka a cinya. Da farko tana ta nuna mana abubuwa, amma da muka bar babban titi muka fara hawan tudu sai ta ƙura wa taga ido. Ko'ina shingen duwatsu, ko'ina tumaki, an shafa wa kowace fenti a gadon baya. Yaya ta leƙa ta taga ta ce, “Ikon Allah, ƙasa sai ka ce an yi mata aski.”

Muka isa bayan azahar. Cocin yana nan da kwaɗo a ƙofa, rabin rufinsa ya zube. Gidajen duk kango ne, tumaki na shiga suna fita abinsu. Ba hayaƙi ko ɗaya, ba muryar mutum. Gwaggo ta taka a hankali zuwa wani kango na ƙarshen layi, ta tsaya a bakinsa tana kallon wurin murhu, inda ciyawa ta fito har gwiwa.

Maigidana ya matso ya raɗa mini, “Ga dagacin naki can,” yana nuna wani ƙaton rago da ya ƙura mana ido daga kan shinge. Na harare shi. Kunya da tausayi suka rufe ni, ga ƙunshin goro a hannuna ban san inda zan kai shi ba. Ni na jawo matar nan ta zo ta ga abin da ta yi shekaru tana gudu.

Gwaggo ta juyo ta ce, “Mu koma gida.”

Yaya ta tambaye ni me ta ce, na gaya mata. Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “A'a wallahi. Mace ta dawo gidan ubanta bayan wannan zamani, a ce ba wanda ya tarbe ta? Mu ba mutane ba ne?” Ta shige cikin kangon ta tattake ciyawa, ta shimfiɗa atamfar uwargidan dagaci, ta ce in kamo hannun Gwaggo in shigo da ita. Muna taka dokin ƙofa Yaya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa.

Ban taɓa ganin tumaki sun yi irin wannan gudu ba. Tudun nan gaba ɗaya ya motsa, ragon maigidana ne ma a kan gaba. Can sai muka ji haushin kare, sai ga wani tsoho ya ɓullo daga bayan tudu da sanda, yana tafe yana faɗa, wa ya razana masa dabbobi. Ya ga mata biyu da gyale, ga namiji da babbar riga a kan kwat, faɗan ya ƙaru. Ni kuwa da na ga dattijo da sanda, ban san lokacin da na durƙusa na miƙa masa goro ba.

Bai ko dube ni ba. Idonsa yana kan Gwaggo, bakinsa a buɗe. Ya cire hula a hankali, ya kira ta da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Ya ce, “Ba ke ce 'yar mai yankan ƙasa ba? Wadda take zama bayana a makaranta tana zuba mini tsakuwa a wuyan riga?”

Gwaggo ta ce, “Kai ne ai kake cinye mini burodi.” Sai ta fashe da kuka, tana yi tana dariya.

Ashe gonarsa tana gangaren tudun, inda ba a hangowa daga hanya, shi kaɗai ya rage daga 'yan makarantarsu. Muka zauna kan atamfa muka buɗe tukunya. Suka bi gidajen layin da baki ɗaya bayan ɗaya, wa ya mutu, wa ya tafi Ostireliya, wa ya auri wa. Ya gutsuri goro ya yamutsa fuska, amma don kara ya haɗiye. Na ɗora masa hular maigidana, ta zauna masa daram, na dubi maigidana na ce, “To, ga dagaci.”

Da rana ta yi sanyi muka tashi haɗa kaya. Gwaggo ta kama hannuna ta ce, “Tun da uwata ta mutu ba wanda ya kira ni da sunan nan.” Sannan ta juya wurin Yaya, ta kama nata hancin da yatsa biyu tana nuna mata, ta ce ta ƙara yi mata ɗaya.

Yaya ta dubi tsohon, ta dubi tumakinsa da suka fara dawowa. Ya sunkuya ya riƙe wuyan karensa, ya gyaɗa mata kai.