Kaka Malsun, Mai Tsaron 'Ya'yan Masu Nutso

Idan hantsi ya yi, matan ƙauyenmu na gabashin tsibirin Jeju suka saɓi duman da suke dafawa a kan ruwa da ragarsu suka gangara teku nutso neman kawa, wato naman teku mai ɓawo, akwai mace ɗaya da ba ta bin su. Kaka Malsun takan tsaya a zagayen duwatsun da suke sauya kaya a ciki, ta iza wuta, ta tura dankali cikin toka, ta jera jarirai a kwandunan gora. Sai ta zauna tana fuskantar ruwa, ta zaunar da manyan yara a gabanta, bayansu ga teku. Ƙafa ɗaya na girgiza kwando, ta buɗe baki: "A da can, tun kunkuru na yawo ba ƙoƙo a bayansa..." Kafin dankali ya nuna rabinsu sun ɓingire da barci, sauran kuwa ko ƙifta ido ba sa yi.

Da can ita ma gwanar nutso ce, sai kunnenta na hagu ya fashe a ƙarƙashin ruwa tana da ƙuruciyarta, aka ce ita da zurfi har abada. Ba ta isa kaka ba yara suka laƙa mata sunan. Akwai mazan da suka riƙa cewa ai Malsun ta samu aikin hutu, zama da surutu. Su je su gwada mana, mu ga ko za su riƙe yara wuni guda a bakin teku ba tare da ɗaya ya jiƙa ƙafa ba. Dokarta ɗaya ce, kowa ya san ta: tatsuniya ba ta ƙarewa sai mace ta ƙarshe ta taka tudu. Bakinta na ba da labari, kunnenta mai lafiya yana can kan ruwa, tana bin fiton da kowace ke yi idan ta taso ta saki numfashi. Ta san fiton kowa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Yanzu ƙafafu sun ƙi, jibi ɗanta zai tafi da ita birnin Busan, can tsallaken teku, ta zauna wurinsa. Duk ƙauye na jimami, amma wadda abin ya hana sukuni ita ce Hyun Miran, shugabar masu nutsonmu, mace mai jika. Akwai tatsuniya guda da Kaka ba ta ƙarasa mata ba, fiye da shekara arba'in ke nan. In Kaka ta tafi, ta tafi da ƙarshenta.

Miran na 'yar shekara shida a lokacin. Wata rana Kaka ta ɗauko labarin wata uwa da ta nutsa gidan sarkin kunkuraye don ta karɓo wutar gari da ya sace. Uwar ta zaunar da 'yarta gindin lemo, ta ce, "Kada ki tashi daga nan sai kin ji fitona." Ana tsakiyar labari Kaka ta daina jin fiton Jongja, uwar Miran, wadda ita ce ƙawarta tun yarinta. Ba ta miƙe ba, ba ta yi ihu ba. Farin ɗankwalinta ta cire ta ɗaga sama kamar mai korar ƙuda, matan da suka fito suka gani, suka koma ruwa da gudu.

Ita kuwa sai ta shiga ƙara wa gidan sarki ƙofofi. Ƙofar ƙaguwa mai neman a yi mata waƙa, ƙofar kifi mai gemu da ba ya buɗewa sai an tsefe masa. Iyaye suka riƙa zuwa suna zare 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, ba magana, har ya rage Miran ita kaɗai, rana ta yi ja.

"Kaka, ta yau ta yi tsawo," in ji Miran.

"Gidan sarki ne, 'yar nan, ƙofofi ba sa ƙirguwa. Dube ni nan. Kin san wa ke gadin ta gaba?"

Waɗanda suka ɗauko Jongja ta bayan duwatsu sun ce suna jiyo muryar Kaka, ko rawa ba ta yi ba. Tana kallon gawar ƙawarta ta saman kan yarinyar, tana kwaikwayon muryar ƙaguwa. Miran ta yi barci a cinyarta ba ta ga komai ba. Har yau in aka tuna wannan, tsofaffinmu kan ce abin ya fi ƙarfin yabo. Ke ce, Kaka Malsun, kika tsaya tsakanin yarinya da teku da bakinki kawai.

Kaka ba ta sake ba da wannan tatsuniya ba, Miran ma ba ta taɓa tambaya ba. Amma maganar uwar nan ta cikin labari ta zauna mata. Ta girma, ta yi aure, ta zama gwana a ruwa, sai dai ba ta taɓa kwana wajen ƙauyen nan ba ko sau ɗaya. 'Yarta ta haihu a Seoul, aka yi juyin duniya ta je, ta ce ruwa ba ya jira. Ta san sarai uwarta na kwance a maƙabartar da ke bayan gonar lemo, ita ke share kabarin. Duk da haka in ta yi nisa da gaɓa sai gabanta ya riƙa faɗuwa, kamar za a yi fito ba ta nan.

Jiya matan suka yi wa Kaka walimar bankwana a zagayen duwatsu, da miyar ciyawar teku da kifi gasasshe. Inna Dokhi, wadda ba ta raga wa kowa, ta nuna ta da cokali.

"Wannan tsohuwar ta cuce ni. Na ga kawa kamar faranti, numfashi ya kusa ƙarewa, na kai hannu sai na ji muryarta da labarin mai kwaɗayin nan da ta koma dutse. Na bar ta na taso."

"Shi ya sa kike nan kina cinye mana kifi," in ji Kaka.

"Da na ɗauko ta da yanzu na sa haƙorin zinariya."

"Da kifaye ne suka ga haƙorinki a ƙasan teku."

Aka yi ta dariya. Wani ɗan ƙauyen da ke tuƙa jirgin ruwa ya ce shi har yau da labaran Kaka yake lallashin 'ya'yansa, kuma ba sa yarda ya sauya ko kalma.

Da aka watse Miran ta tsaya tana kwashe kwanuka, ta wanke wanda ta riga ta wanke. Kaka na kallonta.

"Ke, kwanon nan zai huje. Zo ki faɗi abin da ke bakinki."

Miran ta durƙusa ta gefen kunnen mai ji. "Kaka, matar nan da ta je karɓo wuta. Yaya ta ƙare?"

"Yadda kakata ta ba ni, ta dawo da wutar. Ranar ban iya ce miki ta dawo ba, don ban taɓa yi wa yaro ƙarya a kan teku ba. Ban kuma iya ce miki ba ta dawo ba. Na yi ta jira ki tambaya." Ta buga cinyarta. "Kwanta."

Shugabar masu nutso, da furfurarta, ta ɗora kai a cinyar tsohuwa.

"Uwar ta wuce ƙofofin nan duka," in ji Kaka. "Ta juyo tana sauri, don ta san an bar yarinya gindin lemo. Numfashi ne ya gaza mata a hanya, ba mantuwa ta yi ba. Da ta ga ba za ta kai ba, sai ta ba ƙaguwa saƙo. Ƙaguwa kuwa kin san tafiyarta, a karkace, sai yau ta iso. Saƙon shi ne: ki ce wa 'yata ta tashi, jiran ya isa."

Miran ta yi kukan da ba ta yi ba tana 'yar shekara shida. Kaka ta bar ta ta yi mai isarta, tana shafa mata kai.

Mun gode, Kaka Malsun, uwar 'ya'yan kowa. Ke ce kika sa iyayenmu suka nutsa da kwanciyar rai, ke ce muryar da muke ji idan kwaɗayi ya ja mu ƙasa. Ku kuma masu jikoki, ku zaunar da su ku ba su labari kafin barci, ku kula da abin da kuke sawa a bakin mutanen cikinsa, domin yaro na iya riƙe shi har furfura. In kun fara, ku ƙarasa musu.

Jibi in jirgi ya tashi, Miran ce za ta riƙe wa Kaka hannu har Busan. Daga can, ta ce, za ta wuce Seoul ta ga jikarta.