Hannun Inna a Gindin Hotunana

Shekarun baya, lokacin da na fara ɗaukar hoto a nan Gummi, ban ma san ana sa wa hoto hannu ba. Ni dai in ɗauka, in gyara haske, in tura wa mai shi. Aikina na cikin gida ne, biki da suna da walimar sauka, wuraren da maza masu kyamara ba sa shiga. Ranar da babu aiki sai in gangara bakin gulbi in ɗauki masunta da masu yankan shinkafa, don jin daɗin raina kawai.

Wata rana ƙawata da ke aure a Bukkuyum ta turo mini wani hoto. Nawa ne, na wani masunci yana jefa birgi, ragar kamun kifi, da hantsi. A shafin wani mutum can birni ta gan shi, ya rubuta a ƙasa wai aikin hannunsa ne, jama'a suna ta sa masa albarka. Na yi masa magana, ya ce in kawo shaida, daga nan ya toshe ni. Ku da kuka san ni kun san ba na haɗiye irin wannan. Na ce ranar ba zan ci abinci ba. Na ci dai daga baya, amma cikin fushi.

Washegari na sauke manhajar gyaran hoto, na koyi yadda ake ɗora suna. Da yake da zafi na shigo, sai na rubuta shi ɓaro-ɓaro a tsakiyar kowane hoto, kamar allon shago. Amaryar farko da na kai wa nata ta juya wayar sama, ta juya ta ƙasa, sannan ta ce, "Ke mai hoto, ni anka ɗaura ma aure ko ke? Sunanki nika gani bisa goshina." Na mayar da shi gefe, na rage girmansa. Sai kuma na lura irin rubutun da na zaɓa shi ne na mai turaren unguwarmu, shi ne na mai ɗinki, kowa a manhajar yake ɗauka. Na gwada rubutawa da hannuna in ɗauki hotonsa in ɗora, abin ya fito kamar tonon kaji.

Ƙawar tawa ce ta kawo shawara a waya. Ta ce, "Ke da Inna tana nan gida, mi kika biɗa waje? Ta rubuta maki da ajami, ki ɗora. Wa ka iya kwaikwayon hannunta?" Tana rufe baki sai ta tuna abin da ta manta.

Mahaifiyata malama ce, matan aure na unguwa take koya wa karatun allo a tsakar gidanmu, kuma rubutunta ko maza malamai suna sara masa. Matsalar ita ce ni ce 'yar farinta. Tun da aka raɗa mini suna bai taɓa fita daga bakinta ba. Ƙannena tana kiran su tun daga ƙofar gida, kowa da sunansa, har da na wasa. Ni kuwa "ke" ce, in an matsa "yarinyar can". Kakarmu ta wajen uwa Bafulatana ce, saboda haka kunyar ta gidanmu ninki biyu ce. Na san al'ada ce, na san ba ƙi ba ne, an sha faɗa mini. Amma gaskiya tun ina ƙarama abin yana ci mini rai, in na ji ta kira ƙanwata sai in ji kamar an raba wani abu ban samu ba. Shawarar nan ita ta tono wannan. Daga ranar na manta da ɓarawon hoto. Abin da nake so shi ne sunana ya fito daga wajen Inna, ko da ta alƙalami ne.

Na same ta bayan la'asar tana dama tawada, ɗalibai sun watse. Na durƙusa na gaishe ta fiye da yadda na saba, har ta ɗago ta dube ni.

"Inna, alfarma nika biɗa."

"Ina jin ki."

"Suna nika so ki rubuta mani ga allo, in riƙa sawa gindin hotuna."

"Sunan wa?"

"Sunana, Inna."

Ta ajiye kurtun tawadar a hankali. "Ke, ba ki da ta ido? Tahi waje ki biɗi malami shi rubuta maki."

"Hannunki nika so."

"Ba ni yi."

Da na tsaya nan da an rabu lafiya, amma bakina ba ya jin birki. Na ce, "Ba hwaɗi nic ce ki yi ba, rubutu na kawai. Tun da anka haihe ni ban taɓa jin shi bakinki ba, ko sau guda." Inna ta daɗe tana kallon tabarma. Can ta ce awakinta ba su sha ruwa ba, ta tashi ta bar ni a durƙushe.

Na yi kwanaki ina kumbure-kumbure. In gaishe ta a tsaye, in ci tuwo a ɗaki. Ita kuma ko a jikinta, ko dai haka na zata. Na koma ga rubutun mai turare, na ce shi ke nan.

Lokacin yankan shinkafa ne, yawancin ɗalibanta suna fama da girkin 'yan aikin gona, ba sa samun zuwa. A irin wannan lokaci takan rubuta darasi a allo, in ɗauki hotonsa in tura musu ta waya. Wata safiya ina shirin fita wurin suna sai na ji muryarta daga rumfa: "Ke, zaka ki ɗauki allon ga." Na zo fuska a murtuke, na ɗauka ko duba shi ban yi ba. Na tambaye ta wa da wa zan tura wa. Ta ce in bari tukuna, ba sauri.

Sai da na dawo da yamma, na zauna ina tace hotunan suna, sannan na ci karo da allon. Darasin ya ba ni mamaki. Ba aya ba ce, ba addu'a ba, ba kuma jerin babbaƙun da ake fara koya wa sababbi ba. 'Yan haruffa ne a warwatse, wannan can sama, wancan a kusurwa, wani a ƙasa shi kaɗai. Na ƙara girman hoton. Wanda ke ƙasa an ja masa jela ta hagu kamar yana jiran na biye. Na kusurwa yana da mahaɗi ta kowane gefe, irin na tsakiyar kalma. Na sama kuma an rufe shi yadda ake rufe harafin ƙarshe. Kowanne da ɗigonsa da wasalinsa. Na karanta su daga ƙasa zuwa sama, sai na gane abin da nake kallo.

Nan take na shiga manhajar. Na goge katakon allon ya rage baƙin tawada kaɗai, na yanko haruffan ɗaya bayan ɗaya, na jawo su wuri guda. Ko gyara ban yi ba, jelar wannan ta shige bakin wancan daidai, kaurinsu ɗaya, tsayinsu ɗaya. Ga sunana nan a gabana da hannun Inna. Ta rubuta shi, kuma in an tambaye ta ba ta rubuta ba. Na yi dariya, na yi kuka, na goge fuska da mayafi na fita da gudu.

Na tarar da allon a jingine jikin bango, an wanke shi tas, yana bushewa.

"Inna, na gani! Na haɗa su!"

"Mi kika haɗa?"

"Sunan."

"Wane suna? Darasi na niy yi." Ta ci gaba da tsince wake, ba ta ɗago ba. Sai da na juya zan tafi ta ce, "Ki sa shi ƙarami. Kak ki rufe ma mutane huska."

Shi ne rubutun da kuke gani fari-fari a gindin hotunana ta dama, wanda kuke yawan tambayata wace manhaja ke da irinsa. Babu. Na mayar da tawadar fara, na rage mata ƙarfi yadda ba za ta danne hoto ba, tun daga lokacin ban sake shi ba. Har yanzu akan samu mai yanke gefen ya ɗora a shafinsa, sai dai abin ya daina hana ni sukuni.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, shekara da shekaru ina jiran Inna ta zo inda nake, ita kuma tana neman hanyar da za ta iso ba tare da ta taka abin da aka rene ta a kai ba. Ba ta san komai game da manhaja ba, ji kawai ta yi ina ba ƙanwata labarin yadda ake yanko abu a matsar da shi, ta riƙe. In kuna da irin Inna a gida, ku dube ta da kyau kafin ku yanke hukunci.

Tana nan da ranta da lafiyarta, kuma har gobe "ke" nake. Amma duk lokacin da na kawo mata sabon hoto, takan sa tabarau, ta wuce amarya, ta wuce gulbi, ta ce in buɗa mata gefen nan ta ga ko tawadar ta fita. Inna kuwa ba ta iya karatu da ido kaɗai ba, ɗabi'ar masu allo ce. Sai in tsaya ina kallon leɓenta yana motsi, babu sauti, daga harafin farko har na ƙarshe.