Jirgin Inna Bai Wuce Funtuwa Ba

A duk unguwarmu a Illela, kakata Inna ce kaɗai ta taɓa shiga jirgin ƙasa. Tana da ƙuruciya kakanmu, mai fataucin shanu, ya tafi da ita Ikko sau ɗaya. Bayan sallar magariba, idan an sauke tuwo, mukan kewaye murhu kafin garwashin ya mutu, ita kuma ta ɗauki guntun kara ta ja layi a cikin toka. Layin shi ne hanyar jirgi. Duk inda ta dangwala, tasha ce.

Ina aji biyar Malama Rabi ta ce ranar Juma'a zan tsaya gaban aji in ba da labarin tafiya a jirgi, daga Ƙaura Namoda har Ikko. Ni da ko sunana aka kira sai na sunkuyar da kai. Na lissafa, yamma huɗu gare ni. Na sayi sabon littafin rubutu, na zauna kusa da gwiwar Inna.

Ran Litinin, a cikin labarin Inna, muka hau babbar mota daga Illela, muka kwana Sakkwato, muka isa Ƙaura. Inna ta tsaya bayani a kan kujerun katako, da baƙin hayaƙin da ya ɓata mata farin mayafi, da wata mai fura da ta bi jirgin da gudu don karɓar ƙwaryarta. Jirgi ya bar tasha ke nan sai maƙwabciyarmu Goggo Hajo ta yi sallama, ta zo ɗibar wuta. Inna ta sa tafin hannu ta shafe layin.

"Zamna, Hajo. To, da munka hito Illela..."

Haka al'adarta take, kuma na san da ita, mantawa na yi. Duk wanda ya shigo, sai an koma farko saboda shi.

Ran Talata muka wuce Gusau. Ta nuna mana duwatsun Kwatarkwashi ta taga, manya, baƙaƙe, da 'yan gidaje a gindinsu. Sai ga Kawu Sani a kan babur daga Ƙonni, yana ƙamshin fetur. Tafin hannu ya sake sauka a toka. Ran Laraba har mun hango gonakin audugar Funtuwa, fari fat har iyakar gani, mai kitso ta leƙo neman aron kujera. Na duba littafina. Mai furar nan na rubuta ta sau uku, Ikko kuwa ko sau ɗaya.

Ran Alhamis na kasa cin tuwo. Muna shiga Funtuwa Goggo Hajo ta sake sallama. Na ga hannun Inna ya ɗaga, ban san lokacin da na riƙe shi ba.

"Inna, don Allah. Goggo ta ji wannan. Gobe ne fa."

"Ashe kina da baki?" in ji Goggo Hajo.

Inna ta zare hannunta. "Ke, ƙawata, mi kinka sani ga jirgi? Tsakiyar daji aka aza mutum? Ran Litinin ta ji, yau Alhamis."

"To, ni zan faɗa mata."

Na fara, da sauri, cikin haushi. Mota, Sakkwato, kujerun katako, mayafi, ƙwarya, duwatsu, auduga. Kafin Goggo ta gama tsintar garwashi na kai ta Funtuwa. Na juya ga Inna ina haki.

"Kin bar mai kiɗan gurmi na Gusau," ta ce. "Koma ki ɗauko shi."

Ina cikin ɗauko shi aka kira isha'i, kowa ya tashi alwala.

Ran Juma'a na tsaya gaban aji da abin da nake da shi. Na yi ta magana, ban ko buɗe littafin ba, aji ya yi tsit, har aka buga ƙararrawa muna Funtuwa. Malama Rabi ta ba ni rabin maki, ta rubuta da jan biro cewa ban kai inda aka aike ni ba. Kwana biyu ban je gindin murhu ba.

Sai bayan na gama makarantar horon malamai, wata rana ina yanke mata farce, na tambaye ta yadda Ikko take.

"Ikko? Ɗaki na gani," ta ce. "Gidan wani dillali anka kai ni Agege, sati ukku ban taka ƙohwa ba. Kakanki na can wurin shanunai. Da anka gama, munka dawo."

Na daɗe riƙe da yatsanta. A nan na gane cewa duk duniyar da ta gani a rayuwarta ta tagar jirgin nan ta gan ta, shi ya sa ba ta gaggawar sauka, kuma ba ta yarda kowa ya rasa ko tasha ɗaya. Na gane, amma haushin bai tafi duka ba.

"Inna, ai da kin faɗa mini tun ran Litinin ɗin."

"Da na hwaɗi," ta ce, "da kin zamna?"