Ranar Da Motar Baffa Ta Ƙi Tashi

Har yau idan na ji ana murza makullin mota tana ta gurnani ba ta kama ba, sai raina ya ɓaci. Kada ka ɗauka tausayin mai motar ne. Haushi ne, tsohon haushi wanda ya girmi duk 'ya'yana.

A Ƙofar Ran aka haife ni, cikin babban gida mai sassa huɗu. Baffa, yayan babanmu, shi ne maigidan. Babban ma'aikacin gwamnati ne, kuma shi kaɗai ke da mota a layinmu, wata fara da ake goge masa kullum safiya. Babanmu kuwa bakanike ne na bakin titi, duk wankin da zai yi baƙin mai ba ya barin faratansa. Direbobin tasha layi suke yi a gabansa, amma a gida Baffa bai taɓa yarda ya ɗaga marfin motarsa ba. Wai shi yana da injiniyansa a garejin ofis.

Ina shekara goma sha biyu aka sa ranar jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata, a can Yelwa. Ni ce ta ɗaya a ajinmu. Baffa ya ce ba wanda zai kai ni sai shi, don a san daga gidan da na fito.

Da asubar ranar aka tafka ruwan farkon damina. Gari ya waye da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, indararo na ɗiga. Inna ta goge mini yunifom da dutsen guga na gawayi, ta feƙe mini fensir uku. Na shiga bayan mota na zauna, ina jin kaina kamar gimbiya. Baffa ya murza makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya sake.

Babanmu yana tsaye a bakin zaure, ya karkatar da kai yana saurare.

"Yaya, tunda tana juyawa batir lafiya lau yake. Ga warin fetur, mai na zuwa. Wuta ce ba ta kaiwa filogi, ruwa ya shiga. Minti biyar kawai."

"Wa ya tambaye ka?" in ji Baffa. "Wannan ba akwalar tasha ba ce."

Ya sa samarin layi suka tura ta har bakin masallaci, suka dawo da ita, taɓo duk ya ɓata su. Ba ta ce uffan ba. Ya aika a kira injiniyan, aka ce ya yi ƙauye. Babanmu ya ce to bari ya ɗauke ni a kekensa. Baffa ya daka masa tsawa a gaban jama'a, wai so yake ya kunyata shi a unguwa. Babanmu, mai 'ya'ya biyar, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ina ciki, ina kallon agogon gaban motar yana cin lokacina.

Sai da Kaka, mahaifiyarsu, ta fito da sandarta, ta ce wa Baffa, "Fito mini daga motar nan. Ka bar ƙaninka ya duba."

Babanmu ya ɗaga marfin. Ya ɓalle wata baƙar hula da wayoyin filogi ke fitowa daga cikinta, ya nuna wa Baffa raɓar da ta taru a ciki. Ya cire hularsa ta kansa ya goge wurin tas, ya hura, ya mayar. Da yake Baffa ya riga ya kashe batirin da murza, sai da aka ɗan tura. Taku goma ba a yi ba ta ɗauka. Ko minti biyar ɗin bai cika ba.

Da muka isa Yelwa an rufe ƙofar zauren jarrabawa. Na riƙe ƙarfen taga ina kuka, ina hango ƙawayena sun duƙufa suna rubutu. Mai sa ido ya ce doka ce. A hanyar dawowa abin da Baffa ya faɗa ke nan: "Haka Allah ya ƙaddara."

Shekara guda na maimaita aji. Na ci a shekara ta gaba, amma sa'o'ina sun wuce ni, ban sake kamo su ba. Bayan na girma na tambayi babanmu me ya sa bai ture Baffa ya gyara motar ba tun farko. Ya kalli hannuwansa ya ce, "Yayana ne." Wallahi wannan amsar ta fi tsawar Baffa yi mini ciwo.

Yanzu ko'ina a Ƙofar Ran keke mai ƙafa uku ne, yarinya ba za ta rasa jarrabawa don girman kan wani ba. Babanmu ya rasu. Baffa yana nan, ya tsufa, idanunsa sun yi rauni. Duk sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, kuma idan akwai baƙi sai ya nuna ni ya ce, "Malamar nan, ni na kai ta makaranta da motata." Mutane su juyo suna jiran in ce haka ne. Ban taɓa cewa ba.